Zumunta A Ƙafa Take: Daga Kazaure Zuwa Magarya Bayan Takunkumi

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ban taɓa tsayawa na auna nauyin wannan magana ba sai a watan Oktoban 2023, ranar da aka bugo mini waya daga wani ƙauye a ƙasar Magarya, cikin Jamhuriyar Nijar, aka ce Allah Ya yi wa Gwaggo rasuwa. Ƙanwar mahaifina ce, an kai ta aure can tun ba a haife ni ba. Daga Kano zuwa ƙofar gidanta tafiyar rabin yini ce a mota, wanda ya yi sammako zai sallaci azahar a can. Amma a wannan rana iyaka a rufe take. Dattawanmu ba su da ƙarfin bin daji, samari biyu da muka tura a kan babur kuwa sai da rana ta faɗi suka isa, an riga an dawo daga maƙabarta. Haka aka kai ta makwancinta babu mutum ɗaya daga dangin ubanta a cikin sahu. Sauranmu muka yi gaisuwa ta wayar salula kamar baƙi.

A ƙarshen watan Janairun 2025 aka sa ranar auren autarta. Na ƙudurta cewa wannan karon ba za mu je ɗaiɗai ba. Na ɗauki hayar mota daga Kano, na ce zan bi dangi gida-gida a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, mu haɗu mu tsallaka tare, mu ga biki, mu kuma tsaya a kan kabarin da ba mu raka ba. Abin da na gani da wanda na ji a wannan hanya shi nake son in ba mai karatu, domin na lura labarin takunkumin Nijar a Abuja da Yamai aka fi ba da shi, alhali ba can ya fi cizo ba.

Ga wanda ya manta, a ranar 26 ga Yulin 2023 ne dakarun da ke tsaron fadar shugaban Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tchiani ya bayyana a matsayin sabon jagora. Ranar 30 ga wata shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Ahmed Tinubu. Suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka dakatar da cinikayya da hada-hadar kuɗi, suka riƙe kadarorin gwamnatin Nijar da ke manyan bankunan yankin, suka kuma ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da Bazoum kan kujerarsa ko a yi amfani da ƙarfi. A farkon Agusta Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Iyakar da aka rufe ta kai tsawon kilomita 1,500 ko fiye, ta ratsa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno.

Mun shiga Kazaure da hantsi, hazon hunturu ya lulluɓe duwatsun da suka kewaye garin, ruwan dam ya yi fari kamar an shimfiɗa alawayyo. Wannan ita ce masarautar da Ɗantunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, ɗansa Dambo ya zaunar da ita a nan, kuma har yau Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna ƙarƙashinta. Baƙo zai iya ɗaukar Kazaure a matsayin garin sarauta da makaranta, saboda fada da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu. Amma wanda ya zauna a bakin titi na awa guda zai gane garin hanya ne. Titin da ya ratsa shi ya taso daga Kano, ya bi ta Dambatta, ya wuce Daura da Kongolam, ya shiga Matamaye da Damagaram, daga can sai Agadas da hamada. Ayarin raƙuma sun bi wannan fuska kafin a san kwalta, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta nan aka tsara zai bi.

Baffana ya shafe shekaru yana sayar da taya da baƙin mai a gefen wannan titi. Da na tambaye shi yadda watannin rufe iyaka suka kasance, sai ya ɗaga hannu ya riƙa nuna mini maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya: mai faci, mai shayi, matar da ke tuwo da miyar kuka domin direbobi, yaran da ke wankin mota, 'yan kamasho. Ya ce babu ɗayansu da ke da fasfo, wasunsu ba su taɓa ganin Damagaram ba, amma tukunyar kowannensu motar Damagaram ce ke ɗora ta. Da manyan motoci suka daina wucewa, mai tuwo ta rage kwano, mai faci ya koma gona, shi kuma ya riƙa cin jari. Ya ce, “Ɗana, mu ba mu yi juyin mulki ba, ba a kuma yi shawara da mu ba, amma tare da su aka hukunta mu.”

Daga Kazaure muka yi yamma zuwa Roni, ƙasar tsaunuka da jar ƙasa, inda gonaki ke maƙale a tsakanin duwatsu. A nan Kawuna yake, sana'arsa turka. Yakan je kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya sayo ɗan bijimi ko rago ramamme daga hannun makiyayan Nijar, ya ɗaure shi a gida wata uku ko huɗu yana ba shi harawa da dusa da kanwa, sannan ya sayar wa fataken da ke lodi zuwa Kudu. Da ribar yake sayen taki, da ita yake aurar da 'ya'ya. Wannan tsohon ciniki ne da ya ɗaure ƙasashen biyu: daga Arewa dabbobi da wake da albasa da dabino da kanwa suke gangarowa, daga nan kuma masara da gero da rake da siminti da kayan roba da magunguna suke haurawa. Kowane ɓangare yana sayar da abin da ya yi masa yawa, ya sayi abin da ya rasa.

Kawu ya kai ni bayan gida ya nuna mini turaku shida, biyu kaɗai ke da dabba. Ya ce a watannin nan dabbobi ba su daina shigowa ƙwata-ƙwata ba, sai dai ta daji suke biyowa da dare, kuma duk kuɗin da aka kashe a hanya a kan mai saye yake ƙarewa. Mutum ne mai adalci, don haka bai ɗora wa takunkumi dukkan laifi ba. Ya tuna mini cewa an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi warwas a gaban sefa, har ya zama Banijare ya fi son ya sayi kayanmu da ya sayar mana da nasa. Rufe iyaka ya zo ne ya tarar da mutane a durƙushe, ya ƙara musu kaya a ka. Jarin da ya karye a lokacin, in ji shi, buɗe ƙofa bai mayar da shi ba.

La'asar sakaliya muka isa Gwiwa, a kan iyakar Jigawa da Katsina. An gama girbi, karan gero a tsaye buka-buka, shanun Fulani suna kiwo a cikin sauruka. A nan muka kwana gidan ƙanena, malamin makarantar sakandare, kuma a nan ne aka yi gardamar da ta fi kowace amfani a tafiyar. Shi yana ganin ECOWAS ba ta da zaɓi. Ya lissafa mini da yatsu: Mali a 2020 da 2021, Gini a 2021, Burkina Faso sau biyu a 2022, sannan Nijar. Ya ce, “Yaya, idan aka bar kowane mai bindiga ya kwana soja ya tashi shugaban ƙasa, ina za a tsaya? Mu da muka ɗanɗani mulkin soja mun fi kowa sanin ɗacinsa.” Maganarsa tana da ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Wanda jama'a suka zaɓa, jama'a ne ya kamata su sauke shi, kuma tsare mutum da iyalinsa ba tare da shari'a ba zalunci ne ko wane ne ya aikata.

Abin da na ce masa shi ne, magani da warakarsa ake auna shi, ba da ɗacinsa ba. An sa takunkumi domin a saki Bazoum a mayar da shi mulki. Kotun ECOWAS ma ta ba da umarnin sakinsa ranar 15 ga Disambar 2023. A daren da muke wannan hira yana nan a tsare, shekara ɗaya da rabi. Sojojin da aka so a raunana sun sami abin da kowane mai mulki ke nema, wato abokin gaba na waje da za a jingina wa kowace wahala. Dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché a Yamai suna jinjina musu, har da waɗanda a da ba su da ra'ayin soja. Jakadan Faransa ya fita a Satumba, sojojinta suka kammala ficewa a Disamba. Ranar 16 ga Satumbar 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, ranar 28 ga Janairun 2024 suka shelanta ficewa daga ECOWAS, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, a makon da muke kan hanya. Ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975 ta shiga shekararta ta hamsin da asarar mambobi uku. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Kuma ba a ce ba a taɓa ganin irin haka ba. Takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Iraƙi ya ɗauki shekara goma sha uku, daga 1990 zuwa 2003, asibitoci suka lalace, amma Saddam Hussein bai motsa ba sai da yaƙi ya kawar da shi. Jami'in majalisar mai kula da agaji a can, Denis Halliday, murabus ya yi a 1998 saboda abin da ya gani. ECOWAS da kanta ta rufe wa Mali iyaka daga Janairu zuwa Yulin 2022, Kanar Assimi Goïta ya fito da ƙarin farin jini. Mu ma an dakatar da mu daga ƙungiyar Commonwealth a Nuwambar 1995 bayan rataye Ken Saro-Wiwa, amma Janar Sani Abacha ya ci gaba da mulki har ajalinsa a Yunin 1998. Ƙanena ya kawo misalin Afirka ta Kudu. Na ce gaskiya ne, amma a can waɗanda ake zalunta ne da bakin shugabanninsu suka roƙi duniya ta ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata. Wa ya tambayi matar da ke daka a Magarya ko ta yarda a kashe mata wuta? Bai ce na yi nasara ba, ni ma ban ce ba. Muka yi shiru muna jin kukan jakuna, har barci ya raba mu.

Washegari muka dawo ta Kazaure muka nausa gabas zuwa Babura, inda ƙanwata ke jiranmu da kayan ɗakin amarya. Babura tana ƙarƙashin masarautar Ringim, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ta riɗi da gyaɗa da gero, yanzu kuma ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Daga nan zuwa bakin iyaka tafiya kaɗan ce. Abin da mutanen garin suka fi tunawa da shi daga Agustan 2023 shi ne tsoro. Ranar 10 ga watan ECOWAS ta ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana, kowa kuma ya san idan aka harba harsashin farko, ba a unguwannin masu hali na Abuja zai sauka ba. Wani abin lura, ranar 21 ga watan aka rantsar da ɗan garin, tsohon gwamna Muhammad Badaru Abubakar, a matsayin Ministan Tsaro. Da an yi yaƙin, da ma'aikatarsa ce za ta tura dakaru ta ƙofar mahaifarsa.

Allah Ya kiyaye, kuma Ya kiyaye ta hannun mutane. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da matakin soja ranar 5 ga Agusta. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar sun yi ta kai-komo. Malam Muhammadu Sanusi II ya gana da Tchiani ranar 9 ga wata tare da Sarkin Damagaram, a lokacin da aka rufe wa manyan jakadu ƙofa. Bayan kwanaki kaɗan tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi. Ƙofar da barazana ta kasa buɗewa, rawani da sanayya da harshe guda suka buɗe ta.

Mijin ƙanwata ya gaya mini wani abu da ba na mantawa. Ya ce a watannin nan ba kowa ne ya yi kuka ba. Yaran da suka san barauniyar hanya sun sayi sababbin babura, masu rumbunan ɓoye kaya sun yi gini, shingaye kuma suka yawaita a daji, kowanne da farashinsa. Mai ƙaramin jari da ke bin ƙa'ida shi ya durƙushe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutanen nan sun riga sun ga haka lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Duk rufewa makaranta ce ta fasa-ƙwauri, ɗalibanta kuma ba sa ajiye sana'ar ranar da aka buɗe.

Daga Babura titin ya ratsa gefen ƙasar Baure ta Jihar Katsina zuwa Babban Mutum. A nan aka duba takardunmu, muka wuce. Na riƙa leƙe ta taga ina neman abin da ya bambanta nan da can. Gawo ɗaya ne, rumbu ɗaya, kiran salla ɗaya, tallar fura da murya ɗaya. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Daura a Zango da Baure suka zauna a inuwar Damagaram, ana auratayya ana fatauci. Layin da ya raba mu Turawan Ingila da na Faransa ne suka amince da shi a London a 1906, tawagar Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho ta bi daji tana kafa alamomi har zuwa 1908. Wanda ya rufe irin wannan iyaka, tsakar gida ya raba da katanga.

A gidan biki, babban ɗan Gwaggo, taubashina, ya tare ni da tsiya kamar yadda aka saba: “Ga masu ɗauke mana kuran sun iso, a ɓoye fitilu!” Kuran suke ce wa wutar lantarki. Aka yi dariya. Da dare ya yi, muka keɓe, sai dariyar ta ƙare. Ya ce Gwaggo ta yi shekaru da ciwon sukari, kowane wata biyu yakan kawo ta asibiti a wajenmu, ya sayo mata allura. Da aka rufe iyaka zuwan ya gagara. Magunguna suka yi wuya a ƙasar, domin kayan da aka saba saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano sun maƙale a iyakar Benin, sai an zagaya da su ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. Ɗan abin da ya samu da tsada, allura ce mai son sanyi, ga wuta babu. A gindin randa ya riƙa ajiye ta, cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce, “Ban ce su suka kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma ta sha wahalar da bai kamata ta sha ba.”

Gwaggo ɗaya ce cikin jama'a masu yawa. Tun kafin juyin mulkin, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 4.3 ne ke bukatar agaji a Nijar a shekarar 2023. A watan Oktoba gwamnatin sojan ta zabtare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100, daga sefa tiriliyan 3.29 zuwa 1.98, saboda tallafin waje ya tsaya. Kowa ya san ba daga akushin janar-janar ake fara irin wannan ragi ba.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024, kwanaki kaɗan bayan Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya yi kira a fili da a janye, ECOWAS ta ɗage takunkumin, ta ce saboda jinƙai. Ranar 13 ga Maris, azumi yana da kwana uku, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka da mayar da wuta, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga wata. Sai dai ƙofa ta fi zuciya saurin buɗewa. Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin. A Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina Faso. A Disamba Janar Tchiani ya zargi Nijeriya, cikin harshen Hausa, da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. Ƙasar da aka taɓa kashe wa fitila ba za ta sake kwana da amanar maƙwabci kamar da ba, kuma Kawuna na Roni yana cikin masu biyan kuɗin wannan rashin yarda.

Ba ina cewa a tafa wa masu juyin mulki ba ne. Sojojin Yamai suna da nasu alhakin, na tsare mutum ba shari'a da na toshe bakin masu suka, kuma tarihi zai tambaye su. Roƙona ga shugabanninmu uku ne. Idan za a hukunta mai mulki, a nufi shi kansa, asusunsa da tafiye-tafiyensa, a bar talaka. Abinci da magani da wutar asibiti kada su sake shiga jerin abin da ake katsewa, a rubuta haka a dokar ƙungiya tun kafin wata fitinar ta taso, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan kafin a rufe iyaka, a saurari gwamnoni da sarakuna da 'yan kasuwar jihohin nan bakwai, tunda su za su kwana da abin da aka yanke.

Da safe, kafin ɗaurin aure, taubashina ya kai mu maƙabarta. Baffa da Kawu da ƙanena da ni muka tsaya a kan wani ɗan tudun rairayi da aka kewaye da ƙaya, muka yi addu'ar da muka makara wata goma sha biyar ba mu yi ba. Daga nan muka koma ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Baffa ne ya karɓi waliccin amarya, aka ƙirga sadaki da sefa, maroƙi ya yi shela da Hausar da babu wanda ya nemi a fassara masa. Angon ɗan Baure ne, don haka da yamma motar amarya ta biyo bayan tamu, ta tsallako Nijeriya.

Allah Ya jiƙan Gwaggo da dukkan magabatanmu. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon tuna na ƙasa kafin su sa hannu a takarda.